Yadda ake gwada dokokin gaz da sirinji da gorar ruwa in makarantarku ba labo, wato ɗakin gwaje-gwaje

Ƙannena sabbin malaman fizik da shimi da aka turo lise da kolej-kolej na nan arewa, da ku ɗalibai masu shirin jarrabawar probatuwa da bak, wannan naku ne. Darasin gaz yana cikin darussan da ake cutar yara da su gaskiya, a cika allo da PV = nRT su kwafa su haddace, ranar jarrabawa a ce musu zafi digiri 40 su ɗauki 40 ɗin su jefa a lissafi yadda yake su sha ƙasa. Alhali duk dokokin nan ana iya ganinsu da ido a taɓa da hannu da kayan da basu fi ƙarfin aljihun malami ba, na daɗe ina yinsu a aji a nan Garwa kuma lambobin suna fitowa daidai matuƙar ka kiyaye abu biyu: kar ka bari abu biyu su canza maka lokaci guda ba da saninka ba, sannan ka fara ƙirga daga sifilin gaskiya, ba sifilin da na'ura ke nunawa ba. Zaka ga abin da nake nufi in mun shiga.

Bayanin da kake buƙata kafin ka taɓa komai kaɗan ne. Gaz ƙananan ƙwayoyi ne da ke ta gudu ba tsayawa suna dukan bangon duk abin da aka rufe su a ciki, tsakaninsu kuma fili ne mai yawa, shi yasa yake matsuwa. Abu huɗu ake aunawa: matsi P, wato ƙarfin dukan da suke yi wa bango, sai fili V da suka cika, sai zafi T wanda shine saurin gudunsu, sai yawansu n. Shikenan. Kowane gwaji a ƙasa riƙe biyu ne a sake biyu.

Kayan aiki

- Sirinji sabbi guda 3 masu cin 20 ml, a farmasi. Sabbi nace, a ledarsu. Kar wani yaro ya kawo maka wanda ya tsinto a bayan asibiti, kuma allurar ka cire ta tun a gida ka zubar inda ya dace, bata da aiki a nan.
- Tiyon ƙarin ruwa sabo guda 1, shima a farmasi.
- Gorar ruwa ta lita 1,5 kamar guda 4, da gorar lemo mai gas ta roba guda 1, da kwalbar lemo ta gilashi ƙarama busasshiya.
- Rula, filaya, ashana ko birike, igiya, katako mai rami.
- Sikeli, in ka samu na lantarki irin na masu shago yafi.
- Termomet in akwai. Ƙanƙara, ruwan zafi, bokiti ko roba mai zurfi.
- Bawul ɗin tayar tubles, famfon keke da gejin auna iskar taya, duk wajen mai faci zaka samu, ka aro gejin.
- Bikarbonat, binegar, balan-balan, kyandir, ɗan zoborodo don rina ruwa.

1. Shirya sirinji

Ja sandar sirinji na farko ka tsayar da ita daidai kan 20 ml, na biyu kan 15 ml, sannan ka toshe bakin. Ka lura da jerin, a ja tukunna a toshe daga baya, don sau da yawa yara sai su liƙe bakin sandar na can ƙasa, kaga ba iskar da aka kama kenan. Toshewar da tafi riƙewa ita ce ka kara bakin a wuta kaɗan har robar tayi laushi ka matse da filaya, ka jira ta huce. In kana son sake amfani da sirinjin to ka soka bakin cikin guntun robar silifa mai kauri ka danne, yana yi amma yakan yi yoyo in matsi yayi yawa. Bayan ka toshe ka tsoma bakin a kofin ruwa ka danna sandar, in kaga kumfa ko ɗaya to ba'a toshe ba, sake.

Cikin sirinjin ya zama busasshe ƙayau. Ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga zai zama tururi lokacin da ka ɗumama, tururin nan ƙarin gaz ne, n ya canza kenan kai baka sani ba. In baƙar robar sandar tana cijewa ka shafa mata giliserin ɗan mitsitsi kafin ka toshe, banda man gyaɗa da basilin, suna kumbura robar bayan kwana biyu.

Yanzu nemo faɗin fuskar sandar, wannan lambar ita ce zata yi maka aiki a gaba. Ba sai ka auna da'ira ba. Ɗora rula daga layin 0 zuwa layin 20 ml, ka raba 20 da tsawon da ka samu. Yawancin waɗanda nake samu tsawon yakan kai santimita 6,5 haka, 20 a raba da 6,5 ya baka kusan santimita sukwaya 3. Naka in ya bambanta kayi aiki da naka.

2. Matsi da fili

Ga sifilin gaskiya na farko. Sirinjin nan da ke ajiye kan tebur ba wanda ya taɓa shi, iskar cikinsa ba a matsi sifili take ba. Iskar duniya da ke samanmu tana danna kowane santimita sukwaya da nauyin kusan kilo 1, a bakin teku 1013 hPa ne, wanda Torricelli ya fara aunawa da zaiba a Italiya a 1643, mu nan Garwa ya ɗan gaza haka kaɗan. To fuska mai santimita sukwaya 3 tana ɗauke da kilo 3 tun kafin ka ɗora komai. Duk nauyin da ka ƙara, kan wannan ukun zaka tara shi.

Ka kifa sirinjin mai 20 ml, kan sandar ya zauna a tsakiyar sikeli, ka riƙe jikin ka danna ƙasa a hankali har sikeli ya nuna kilo 1,5. Kai ka riƙe ka kalli sikeli, wani ɗalibi ya durƙusa idonsa daidai da layin ya karanta. Sai kilo 3, sai 4,5. Abin da ya kamata ku samu:

babu nauyi: matsi 3, fili 20
kilo 1,5: matsi 4,5, fili kusan 13,3
kilo 3: matsi 6, fili 10
kilo 4,5: matsi 7,5, fili 8

Ka sa su ninka kowane layi da kansu, 3 sau 20, 4,5 sau 13,3, 6 sau 10, 7,5 sau 8, duk 60 ko dab da shi. Kar ka faɗa musu tun farko, bar su su gano, akwai wata ƴar hayaniya da aji ke yi in layi na uku ya sake bada 60, ita nake so. Dokar Boyle kenan, wanda ya wallafa a 1662 a Ingila shi da mataimakinsa Robert Hooke suna aiki da lanƙwasasshen bututun gilashi da zaiba, Mariotte kuma ya sake gano ta a Faransa a 1676, shi yasa littattafanmu na Faransanci ke haɗa sunayen biyu. In ka manta da ukun nan ka ninka 1,5 da 13,3 sannan 3 da 10, zaka samu 20 da 30, ka tsaya gaban yara kana zufa kana cewa dokar bata aiki.

In babu sikeli, ka fasa rami a katako daidai kaurin sirinjin, ka ɗora katakon tsakanin tebur biyu, ka zura sirinjin bakinsa na kallon ƙasa kunnuwansa biyu su tokare a katakon. Ka ratayo igiya ta saman sandar bakinta biyu su sauko ƙasa ka ɗaure su, sai ka dinga rataya gorar ruwa cikakkiya, kowace gora ta lita 1,5 kilo 1,5 ce. Ka ɗan yanka tsagi a kan sandar kar igiyar ta zame. Wannan hanyar ma ni tafi min, don hannu yana rawa, gora bata rawa. Kar dai ka jera gorunan a saman sandar kamar yadda wasu ke yi, zasu kife ne sandar ta karye.

Abu biyu ke ɓata lambobi a nan. Na farko gogayyar roba da jikin sirinji, tana sa sandar ta tsaya kafin inda ya kamata. Maganinta ka karanta sau biyu, sau ɗaya ka bar nauyin ya saukar da ita, sau ɗaya ka ɗan danna ta wuce ka saki ta dawo, ka ɗauki tsakiyar lambobin biyu. Na biyu gaggawa. Iska in aka matse ta da sauri tana ɗaukar zafi, duk wanda ya taɓa bakin famfon keke bayan ya buga iska ya sani, to T ya motsa kenan alhali ka ce ka riƙe shi. Bayan kowane nauyi ka ƙirga talatin kafin a karanta, kuma kar ka rungume jikin sirinjin da tafin hannu, riƙe shi ta kunnuwa.

Daga ƙarshe ka cika wani sirinji da ruwa ka toshe da yatsa ka ba ƙaton ajin ya danna. Ba zai motsa ba. Minti ɗaya ne amma yana zaunar da bambancin gaz da ruwa fiye da shafi guda na rubutu.

3. Zafi da fili, na gani da ido

Fasa murfin kwalbar gilashin ko ka samu toton roba, ka zura tiyon ƙarin ruwa kamar santimita 3 ciki, ka liƙe gefen da narkakken kyandir ko cingam. Ka yanke tiyon ya rage kamar mita 1, ka tsotso ɗigo ɗaya na ruwan zoborodo ya tsaya a tsakiya kafin ka rufe kwalbar, sai ka kwantar da tiyon kan tebur ka manna shi jikin rula. A kwance, ba a tsaye ba, in yana tsaye ɗigon zai gangara cikin kwalba.

Ka sa yaro ɗaya ya kama kwalbar da hannu biyu. Jan ɗigon zai fara tafiya yana nisantar kwalbar, in ya saki ka shafa mata tsumma mai jiƙe sai ya juyo. Dalilin da yasa yake gudu haka, kwalba mai cin 330 ml in zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya tak iskar na ƙaruwa da kusan 1 ml, a siririn tiyo kuwa 1 ml tafiya ce ta fiye da santimita goma. A watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura 40, hannun mutum yafi iskar aji sanyi, sai kaga ɗigon ya tafi baya, kar ka ruɗe, ka tambayi yaran dalili, ko kuma ka fara tsoma kwalbar a ruwan randa tukunna. In ba tiyo, ka ɗaura balan-balan a bakin kwalba ka tsoma a ruwan zafi ta miƙe ka mayar ruwan ƙanƙara ta kwanta, yana nuna abin amma baya bada lamba.

4. Zafi da fili, na lissafi

Ɗauko sirinjin da ka toshe kan 15 ml, ka rubuta zafin ɗakin a lokacin, mu ce 30. Tsoma shi a ruwan ƙanƙara duk inda iskar take ya nutse, ka bashi minti biyu kana ɗan murza sandar kana ƙwanƙwasa jikin da farce don kar ta maƙale, ka karanta. Sannan ruwan zafi mai digiri 80, haka dai. Zaka samu kusan 13,5 a sanyi, 17,5 a zafi.

Ga sifilin gaskiya na biyu, wanda yafi kashe yara a jarrabawa. Sifilin Celsius ba ƙarshen sanyi bane, wurin da ruwa ke daskarewa ne kawai, ƙwayoyin iska suna nan suna gudunsu. Ainihin ƙasan yana −273,15, ma'aunin da Kelvin ya kawo a 1848 daga can yake farawa, saboda haka kowane zafi ka tara masa 273 kafin ya shiga lissafi. 0 ya zama 273, 30 ya zama 303, 80 ya zama 353. Raba fili da zafi: 13,5 da 273, 15 da 303, 17,5 da 353, duk suna baka kusan 0,0495. Ka tambaye su, daga digiri 20 zuwa 40 iska zata ninka? Rabin aji zasu ce eh. Daga 293 ne zuwa 313, ƙarin bai kai kashi 7 cikin 100 ba.

In kuna da takarda mai layi-layi ku zana maki ukun, zafi na Celsius a kwance fili a tsaye, ku ja layin baya da rula har ya taɓa fili sifili. Zai sauka wajajen −273. In ya sauka −240 ko −300 kar ka gyara lambobin don su yi kyau, da sirinjin farmasi wannan ma abin a yaba ne, kuma yara su san awo yana da kuskurensa.

Ba termomet? Kana da zafi biyu da ba sai an auna ba. Ruwa da ƙanƙara a haɗe an juya 0 ne, ruwa mai tafasa kuma kusan 99 a Garwa, a Gaundare kusan 96 saboda tudu. Sauke tukunyar daga wuta ka tsoma nan take da filaya, 13,5 ɗin nan zai haura 18. Kai zaka yi wannan da hannunka, ba ɗalibi ba.

Wani abu kan suna. Jacques Charles, wanda ya tashi da balan-balan ɗin haidrojin a Paris a 1783, ya lura da wannan wajajen 1787 amma bai wallafa ba, Gay-Lussac ne ya wallafa a 1802 ya kuma ambace shi. Shi yasa zaka ga littafin Ingilishi ya kira ta dokar Charles, wani na Faransanci ya kira ta ta Gay-Lussac ya ba Charles ta matsi da zafi. A ƙasa irin tamu mai tsarin karatu biyu wannan na rikita yara ba kaɗan ba, ni dai nakan ce su rubuta abin da aka riƙe da abin da ya canza kusa da sunan, mai gyaran takarda ba zai samu abin kamawa ba.

5. Zafi da matsi

A nan fili ne za'a riƙe. Kai murfin gorar lemo mai gas wajen mai faci ya fasa masa rami kamar milimita 11 ya zura bawul ɗin tubles ta ciki ya ja har ya zauna. Gorar lemo mai gas nace, ita aka yi don ɗaukar matsi, ta ruwan sha sirirya ce, ta gilashi kuwa ko da wasa kar ka buga mata iska. Ka busar da cikinta, ka rufe tam, ka tsoma a bokitin ƙanƙara minti biyar kana danne ta don zata taso, sannan ka buga iska har geji ya nuna bar 1. Ɗaya ya isa, ba gasa ake ba.

Mayar da ita ruwa mai ɗumi kamar digiri 50, kar ya wuce 60 don robar gora tana lanƙwashewa, minti biyar, ka auna. Gejin mai faci shima sifilinsa na ƙarya ne, abin da ya ɗara iskar waje kawai yake nunawa, to ka tara masa 1. Bar 1 a geji 2 ne na gaskiya. 2 sau 323 a raba da 273 ya bada 2,37, cire ɗayan, geji zai nuna kusan 1,4. Ka ɗora gejin sau ɗaya da ƙarfi ka cire, kowane "tsss" da kaji iska ce ta gudu.

Daga nan ka kai su kan titi. Tayar mota da aka sa wa 2,2 da safe ana digiri 25, in ta sha kwalta zuwa Marwa da rana iskar cikinta ta kai 60, lissafin shine 3,2 sau 333 a raba da 298, ya bada kusan 3,6, geji zai nuna 2,6. Direba ya gani ya ce tayi yawa ya sace iska, gari ya waye taya ta huce ta koma ƙasa da yadda ake so, ita kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Awon taya da sanyin safiya ake yi kafin a hau hanya.

In baka samu bawul ba, rufe gora babu komai da tsakar rana ka jefa firigo, bayan rabin awa zaka tarar ta lotsa. Kuma duk mai zuwa Gaundare ka bashi saƙo ya rufe maka gora wofi a can tam ya kawo. Can sama da mita 1000 ne, mu muna wajen 200, kafin mota ta gama sauka daga falez, gangaren dutsen nan na hanyar Gaundare, gorar ta fara shiga ciki, kafin a iso nan matsin iskar waje ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, zafin Garwa kuma yana ɗan turo ta waje, kaga P da T sun canza tare, misali ne mai kyau na P1V1/T1 = P2V2/T2. Wasan gwangwanin lemo da ake tafasa ruwa a ciki a kifa a ruwan sanyi ya murƙushe, yara na sonsa sosai, kayi in kana so amma ka faɗa musu gaskiya cewa tururi ne ya koma ruwa iskar waje ta murƙushe shi, ba wannan dokar bace.

6. Yawan gaz

Auna bikarbonat giram 4,2, in ba ƙaramin sikeli to ƙaramin cokalin shayi a shafe bai cika tozo ba ya kusa haka. Zuba binegar 100 ml a ƙaramar gora. Ka ƙunsa garin a ƴar takarda mai laushi, ka tanadi murfi mai tiyo irin na mataki na 3, ɗaya bakin tiyon kuma ka zura shi cikin gorar lita 1,5 da ka cika da ruwa ka kifa a bokiti. Tun kafin nan ka yi wa gorar alama da alƙalamin maka, kana zuba ruwa 250 ml kana ja mata layi, kuma ka tuna a kife zaka karanta, daga gindi ake fara layin. Jefa ƙunshin, rufe da sauri, girgiza a hankali. Gaz zai kori ruwan.

Mol shine ma'aunin yawan ƙwayoyi, wato n ɗin nan. Mol ɗaya na bikarbonat giram 84 ne, 4,2 kenan mol 0,05, kuma kowane mol yana bada mol ɗaya na CO2. Zaka tara lita 1 da ɗan wani abu, lissafi yana cewa kusan 1,3 amma wani ɓangare na narkewa a ruwa, in kayi amfani da ruwa mai ɗumi asarar na raguwa. Sake yi da rabin garin, gaz ya zama rabi. Abin da Avogadro ya kawo a 1811 kenan, fili ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi adadi ɗaya ko wane irin gaz ne. Ka ja kunnensu kan 22,4 ɗin da suka haddace, lita 22,4 ga mol ɗaya a digiri 0 ne da 1013 hPa, a ajinmu mol ɗaya yana cin lita 25 zuwa 26.

In ba bikarbonat da binegar, kanwa da ruwan lemun tsami suna bada gaz ɗin nan dai, ka daka kanwar tayi laushi. Sai dai kanwa da ƙasa da gishiri a cikinta, zaka ga kumfa balan-balan ta tashi amma kar ka ɗora lissafi a kanta.

Kafin ka zubar, kunna guntun kyandir a gindin kofi mai zurfi, ka haɗa bikarbonat da binegar a jug ka bari kumfar ta lafa, sai ka karkata jug ɗin saman kofin kamar mai zuba ruwa amma kar ruwan ya zubo. Wutar zata mutu ba wanda ya hura. Rufe taga da fanka kafin nan in ba haka ba iska ta kwashe. CO2 nauyin mol ɗinsa 44, na iska kusan 29, shi yasa yake zuba ƙasa ya zauna. Mu ƴan Kamaru ba labarin nesa bane wannan, daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos a yankin Arewa maso Yamma ya saki CO2 ɗin da ya daɗe narke a ƙasansa, ya bi kwari-kwari ya kashe mutum sama da 1700 da dubban shanu, kafin shi a 1984 tafkin Monoun ya kashe 37. Daga 2001 aka fara sa bututu a Nyos yana fitar da gaz ɗin a hankali. Dalilin nan ne ma yasa masu yasar tsohuwar rijiya ke fara zura fitila kafin mutum ya sauka.

7. Haɗa su wuri ɗaya

Sai yanzu zaka rubuta PV = nRT a allo, wanda Clapeyron ya haɗa a 1834, R kuma 8,314. Matsi a paskal, fili a mita kubik, zafi a kelbin, in ka saɓa ɗaya amsar ta tafi daji. Ba su wannan: gorar lita 1,5 wofi a aji, zafi 35, matsi 98 000 Pa. Fili 0,0015, zafi 308. 98 000 sau 0,0015 ya bada 147, a raba da 8,314 sau 308, mol 0,057 kenan, sau 29 ya bada giram 1,7 na iska a gorar da kowa ke cewa ba komai a ciki. Sannan su auna ajin da kansu, in mita 9 ne da 7 da tsayi 3, iskar ciki ta kai kilo 210, nauyin buhun siminti huɗu da ɗoriya. Wurin da suka fi faɗuwa shine mayar da lita mita kubik, lita 1000 ne a mita kubik ɗaya, ka sa su rubuta shi a saman takarda kafin su fara.

Tambayar da ba makawa wani zai yi ita ce ta butelin gaz na girki, me yasa ba'a sa masa geji a san saura nawa. Amsar ita ce abin da ke ciki yawancinsa ruwa ne, butan da aka matse har ya koma ruwa, gaz ɗin yana samansa kawai, PV = nRT bata gaya maka komai kan ruwan. Muddin akwai ruwan, matsin zafi kaɗai yake bi, butan zalla kusan bar 2 ne a digiri 20, ya kusa 4 a 40, ko butel ya cika ko saura kwata geji abu ɗaya zai nuna. Shi yasa ba'a cika shi har wuya kuma ba'a barinsa a rana ko kusa da murhun gawayi, a tsaye yake zama ba a kwance ba. Nauyin mol ɗin butan 58, ninki biyu na iska, in yayi yoyo ƙasa yake kwanciya, to in an ji wari a rufe kan butel a buɗe ƙofa, banda kunna ko kashe makunnin lantarki, a nemi yoyon da kumfar sabulu ba da ashana ba. Sanin saura nawa kuwa sikeli ne, ka ɗora butel ɗin ka cire nauyinsa na wofi da aka buga a jikinsa wajen mariƙi, abin da ya rage bayan ka cire shine gaz ɗinka, in mai kilo 12,5 ne ka kwatanta shi da 12,5 ɗin.